Kujerun da Ba Su Shiga Lissafi Ba

Makon jiya wasu samari biyu suka shigo shagona a unguwar Waziriyya, nan Jidda, neman hayar majigi. Ɗayansu ya ciro na'urar neman sigina da ke rataye a bango, ya jujjuya ta, ya ce, "Ya ammi, har yanzu akwai mai aiki da wannan? Ai shugul ɗinku, aikin nan naku, ya zama sauƙi, ka jona waya da shasha, halas, shi ke nan." Na ce ban ji haushi ba, amma gaskiya na ɗan ji. Na sa suka zauna, tunda shayi na kan wuta kuma majigin ba gudu zai yi ba. Abin da na gaya musu shi nake rubutawa a nan, domin ba su kaɗai ke wannan tunanin ba.

Sunana Lawal, yaran unguwa suna ce mini Ammu Lawal, wato baffa da Larabci. Fiye da shekara talatin ke nan ina sana'ar kafa wa mutane abin kallo. Na fara da dish a saman gidaje, daga baya na koma manyan alluna, waɗanda a nan muke ce wa shasha, da majigi da lasifika, na biki da na kallon wasa. Daga Sudan na zo ina saurayi, ban iya komai ba sai noman dawa da ɗaukar kaya.

Aikina na farko a wani bene ne mai hawa biyar a Aziziyya, ba lif, ana tsakiyar zafi. Maigidana Mu'allim Abbakar, shi ma Bahaushen Sudan ne, ya ɗora mini dish a ka ya ce in hau. Da na isa sama rigata kamar an tsamo ta daga kogi. Shi kuwa ya zauna a falon mai gidan yana kallon talabijin, ni ina sama ina juya dish ɗin, yana leƙowa ta taga yana cewa, "Dama kaɗan. Ka wuce. Dawo. Kai, faɗin farce na ce, ba faɗin hannu ba." Shekara guda cur ban taɓa injin huda bango ba, nawa ɗauko da riƙe da ɗaure kusa. A wurinsa na koyi cewa iskar Jidda gishiri ce, kusar da ba ka shafa wa man giris ba bana, baɗi sai ka sare ta da zarto. Na koyi cewa ba a huda daɓen rufin gida, domin ruwan sama ko sau ɗaya ya sauka a shekara zai nemo wannan hujin ya ɗiga a kan gadon mai gida, kuma sunanka zai fara kira.

Amma babban abin da ya koya mini ba a sama yake ba. Idan muka gama kafa allo a gidan shayi ko wurin taro, ba ya bari mu tafi. Sai ya ja ni can bayan jama'a ya ce, "Kai kada ka kalli talabijin, an biya ka ka kafa ta ne. Kalli masu kallo." Tun ina ganin ɓata lokaci ne har na gane. Wasan da zai yi kasuwa tun kafin ranar ake ganin alamarsa. Mai hayar kujeru zai ce maka an riga an kama nasa. Mai shayi zai ƙaro sukari. Mutane za su zo tun kafin magariba su ajiye hula ko sallaya a kujerar gaba. Idan kuwa mata suka aiko cewa su ma a ja musu waya zuwa ɓangarensu, to magana ta ƙare, wannan wasan ya shiga gari.

Akwai wani mai gidan shayi a Safa da ya taɓa kirana in kafa masa babban allo saboda wani damben zamani da za a yi a ƙasar waje, har ya biya kuɗin tashar da za ta nuna. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa, domin kwana uku ya rage amma ko mutum ɗaya bai tambaye ni wasan ba. Ya ce ni mai jona waya ne, ba malamin duba ba. Na kafa masa, na tsaya a baya kamar yadda na saba. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga, huɗu daga ciki ma'aikatansa ne. Daga ranar sunana ya zagaya. Duk mai shirin nuna wasa sai ya fara tambayar Ammu Lawal ko zai yi kasuwa. Ni ma kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Shekarar annoba ita ce mugunyar shekararmu. Ba biki, ba taro, gidajen shayi a rufe. Lasifikoki na lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, majigi biyu na sayar a wulaƙance don a ci abinci. Da aka buɗe gari, na lura mutane sun koyi kallon komai a wayar hannu, kowa shi kaɗai. Sai dai mutanenmu ba su daɗe ba suka dawo taruwa, domin mu kallo ba ya mana daɗi sai da wanda za ka taɓa wa kafaɗa ka ce ka gani? Ganin haka na yanke cewa ba abin da ya canza. A nan na yi kuskure, sai dai ban sani ba sai da maganar Yasir ta zo.

Yasir ɗan Alhaji Tukur ne, mai sayar da turare a bayan shagona. Haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa tsaf amma idan zai yi magana rabi da rabi take fitowa da Larabci. Shekararsa ashirin da tara a lokacin. Motar rarraba ruwan sha yake tuƙawa, yini yake yana hawa bene da manyan goruna biyu a kafaɗa, idan ya tashi daga aiki ya wuce wurin horon dambe. Shekara goma yana haka, yana ƙananan wasanni da ba mai kallo sai 'yan wurin horon. Wata rana da la'asar ya shigo shagona, ya gaishe ni, ya tsaya yana murza makullin mota.

"Ammu, na samu wasa. Wasa na gaske, zagaye shida. Wani kamfani zai nuna a waya, amma sai mutum ya biya zai kalla."

"Madalla. Nawa ake biya?"

"Riyal talatin. Kowane ɗan dambe an ba shi rabiɗ nasa, ya'ani hanyar da mutanensa za su bi su saya. Sun ce idan mutum ɗari biyar suka saya ta nawa, za su sa hannu da ni wasa uku, su karɓi kafalata, takardar zamana ta koma hannunsu. In bar motar ruwa, ya ammi."

Na tambaye shi idan ba a kai ba fa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Halas. A shekaruna ba mai sake kirana." Daga nan ya roƙe ni in taya shi gaya wa mutane, domin shi zai shiga sansanin horo na mako uku, kuma yana jin nauyin tsayawa gaban manya yana cewa ku sayi wasana. Na ce ya je ya ji da naushi, wannan ɓangaren nawa ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawa suka taru a falon Alhaji Tukur. Na faɗi maganar yadda Yasir ya faɗa mini, har da ɗari biyar ɗin. Wani ya tambaya a cikin riyal talatin nawa ne zai shiga hannun yaron. Aka ce kaɗan ne, kamfani ke ɗaukar mafi yawa. Nan take falon ya ɗauki surutu. Alhaji Tukur ya ɗaga hannu ya ce, "To ni ban ga dalilin da za mu kwashi kuɗinmu mu ba baƙo ba. Yadda muke yi a biki da suna da rasuwa haka za mu yi. Kowa ya kawo gudummawarsa, a haɗa a ambulan a damƙa wa yaro a hannunsa. Kallo kuma a taru a yi tare. Ɗanmu na fafatawa, kowa ya shige ɗaki da wayarsa kamar marar dangi?"

Kowa ya ce wannan ita ce magana. Akwai kuma wani dalili da ba a faɗa da ƙarfi ba. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su da katin banki, wasu ma iƙamar, wato takardar izinin zama, ce babu, sun zo umara sun zauna suna neman na abinci. Irin waɗannan ko suna so ba su da hanyar saye a waya, amma riyal talatin a hannu ba zai gagare su ba.

Sai Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam Lawal, kai ne masanin wannan harka. Idan muka cika wurare da jama'a, kamfanin zai ce bai gani ba?"

Wannan ita ce tambayar da ya kamata in tsaya a kanta. Da kunnena na ji yaron ya ce masu saye za a ƙirga, ba masu kallo ba. Amma shekara talatin duk wanda na yi wa aiki cikar ɗaki yake nema, ban taɓa ganin wanda aka cika masa wuri ya ce ya yi asara ba. Ga kuma dattawa duk sun zuba mini ido, ga daɗin a ce kai ne masani. Na ce, "Kamfani ba makaho ba ne, Alhaji. Ɗari biyar ɗin nan ma'auni ne kawai na ko yaro yana da jama'a. Mu nuna musu jama'ar, zan ɗauki hoton kowane wuri in kai musu da kaina." Aka yi fatiha aka tashi. Ba wanda ya kawo shawarar a ba samari masu kati kuɗin su yi ta saye, ni ma bai zo mini ba.

Wuri tara na kafa allo a cikin kwana biyu, kuma ko sisi ban karɓa ba. Istiraha uku muka kama, wato irin filayen nan masu katanga da ake haya don taro, sauran kuma falukan gidaje ne da rufin bene biyu a Waziriyya. Ku da kuke cewa jona waya ne, ku zo ku ja hoto ɗaya zuwa allo biyu, na maza da na mata, tsakaninsu taku sittin, ba tare da ɗaya ya riga ɗaya ba. Idan na maza ya riga da daƙiƙa uku, mata za su ji ihu kafin su ga naushin, kuma har abada ba za su yafe maka ba. Na sa kowane wuri layin intanet biyu don kada ɗaya ya yanke. Na ɗaure ƙafafun alluna da buhunan yashi saboda iskar teku. Na gwada sauti ina tsaye a kujerar ƙarshe. A kowane wuri mutum ɗaya mai kati ya sayi wasan ta hanyar Yasir, sauran suka zuba nasu a ambulan a bakin ƙofa.

Duk alamun da Mu'allim Abbakar ya koya mini sun bayyana. Mai hayar kujeru ya ce nasa sun ƙare, sai da ya aro na wani. Mata suka aiko tun mako guda kafin ranar. A babbar istiraha inda na tsaya, tun la'asar huluna suka cika layin gaba. Da aka idar da isha aka fara, na koma baya na tsaya. Wani tsoho da ya zo daga Sakkwato, wanda damben gargajiya kawai ya sani, yana ta tambaya me ya sa aka naɗe wa yaron hannu biyu, ai ɗaya ake naɗewa. A zagaye na biyu aka fasa wa Yasir gira, wurin ya yi tsit, ta bayan labule ina jin mahaifiyarsa tana salati. A na biyar ya sami cikin abokin karawarsa da hagu, mutumin ya durƙusa. Alhaji Tukur, wanda ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, ya miƙe rawaninsa na warwarewa. Alƙalai suka ba Yasir nasara. Na ɗauki hotuna, aka turo mini na sauran wuraren, na aika masa saƙo cewa a shekara talatin ban ga wasan da ya yi kasuwa irin nasa ba. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Bayan kwana biyu lissafin kamfani ya fito. Mutum ɗari da arba'in da uku ne suka saya ta hanyar Yasir, yawancinsu abokan horonsa da abokan aikinsa. Wanda ya sha kashi kuwa ya haura ɗari shida, domin mutanen ƙasarsu a warwatse suke a garuruwa, kowa ya saya ya kalla a ɗakinsa.

Na sa farar jallabiyata na tafi ofishin kamfanin. Wanda ke kula da 'yan damben, Ustaz Majid, matashi ne mai ladabi, ya sa aka kawo mini gahawa. Na buɗe waya na riƙa nuna masa hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ya kalla da kyau, har ya faɗaɗa wasu.

"Masha Allah, ya ammi. Duk waɗannan don Yasir?"

"Duk don shi. Wuri tara."

"Sau nawa aka saya a wuraren nan?"

Na ce tara. Ya ajiye wayar a hankali ya ce, "Wallahi na yarda ana son sa. Amma ni ba ni da gurbin da zan rubuta so a takardata. Masu kuɗin da ke samana lamba ɗaya suke dubawa. Idan na kai musu hotunan nan, abin da za su gani shi ne mutanensa ba sa saye, ko nan gaba ma haka za su taru a kan ɗaya."

Na ce akwai kuɗi a ambulan, riyal dubu goma sha takwas, a saya yanzu, ya fi ƙarfin ɗari biyar ɗin. Ya girgiza kai ya ce an rufe saye tun daren wasan, kuma an riga an kira wanda ya sha kashin don a sa hannu da shi. "Ma'alesh, sai haƙuri, ya ammi. Da kun zo mini kafin wasan."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Ban ga na Alhaji Tukur ba, shi abin da ya gada ya yi, kuma don ɗansa ya yi. Wanda aka tambaya a matsayin masani ni ne. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa a wannan sana'a, jona waya ba shi ne aikin ba. Kafin ka ce wa mutum wasansa ya yi kasuwa, fara sanin wa ke riƙe da ma'aunin da kuma abin da yake aunawa. Ni na auna da abin da aka koya mini, ban tambaya ko har yanzu da shi ake awo ba.

An damƙa wa Yasir ambulan ɗinsa a falon mahaifinsa, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ni kuwa mako biyu ina kauce wa hanyarsa. Idan na hango motar ruwa sai in shige bayan shago in kama gyaran abin da bai lalace ba. Ran nan dai ya ritsa ni. Ya shigo da gora a kafaɗa, tabon girarsa bai gama baƙi ba, ya kafa ta a kan na'urar ruwan shagon, ya goge hannu a wando.

Na ce, "Yasir, ni na ɓata maka. Ka gaya mini daidai, na je na faɗi son raina."

"La, ya ammi, bar wannan. Abu ɗaya nake so in tambaye ka, kuma ka gaya mini gaskiya, ba don in ji daɗi ba. Kai kana ƙirga mutane. Su nawa ne?"

Na ɗauko takardar mai hayar kujeru na miƙa masa. Na ce kujera ɗari shida da arba'in aka kai wurare taran, ba wadda ta zauna ba kowa, ban da waɗanda suka zauna a tabarma da na tsaye.

Ya daɗe yana kallon takardar, leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "Ya'ani na kai ɗari biyar ɗin."

"Ka wuce."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko zai iya riƙe takardar, na ce tasa ce. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ɗauki gorar da ta ƙare ya ce, "Yalla, Ammu, sauran gida goma sha biyu kafin magariba."